Yadda Jar Motar Ɗan Alhaji Ta Naɗe Ni Daga Kwatano Zuwa Banifandu

Ranar da na fara ganin motar a filin sayar da motoci na Kwatano, sai da na tambayi dillalin ina sauranta. Ja ce wur, ƙofa biyu, kujera biyu, tana kwance a ƙasa kamar ƙadangare yana shan hantsi. In ka ajiye kwalin ashana a gabanta, sai ta yi shawara kafin ta haye shi. Ni kuwa Nomau, Bagobirin Tibiri mazaunin unguwar Talaje a Yamai, Allah ya yi mini jiki. Ba na cewa ni ƙato ne, amma in tela zai auna ni sai ya kira maƙwabcinsa ya riƙe masa bakin awo ɗaya.

"Ita ke nan, maigida," in ji dillalin, wani siririn mutum mai Hausar kasuwa. "Motar tsere ce. In ka zauna a ciki, ba za ka so fita ba."

Wannan kaɗai ce gaskiyar da ya faɗa mini.

Abin da ya kai ni can, taksina ce ta mutu. Shekara da shekaru ina jan ta a titunan Yamai, rannan ta tsaya a gaban kasuwar Wadata, ta yi tari, ta cika. Bakanike ya buɗe ta ya rufe, ya yi mini ta'aziyya. Na zauna gida wata da watanni. Mai gidan da muke haya ya fara yi mini gaisuwa mai tsawo, Rabi matata kuma ta fara zancen mu kwashe yara mu koma Tibiri, ga gona ga dangi. Yaran kuwa duk suna lakwal, wato makaranta, a Yamai, Sa'ade babbarsu ta kusa jarrabawa. Ban ga yadda zan tumɓuke su ba.

Sai na ji Alhaji Sumana, mai shagunan shinkafa a Wadata, yana neman direban gida. Alhaji Bazabarme ne, ni Bagobiri, tsakaninmu akwai wasan taubashi tun kakanni. In na zage shi dole ya yi dariya, in ya kira ni bawansa dole in ce shi ne nawa. Ina shiga shagon ya dubi zanen fuskata.

"Bagobiri, wace kyanwa ce ta yi maka wannan aiki?"

"Zanen sarauta ne, Alhaji. Wanda aka yaye da kopto, kwaɗon ganyen nan naku, ba zai gane ba."

Ya yi dariya, sannan ya ɗaure fuska. Ya ce ya sayi mota a Kwatano, kyauta ce ga ɗansa Abdul'aziz da ya gama karatu, yana son wanda zai tuƙo ta.

"Amma ka ji sharaɗi. Direbana na da na sallame shi, kullum bayana, bayana. Ba na son mai ciwon baya a gidana. Kai ga shekaru, ga tumbi. In ka kawo ta ƙofar gidana a unguwar Banifandu ka fito a miƙe a gabana, aiki naka ne. In ka fito kana dafe da ƙugu, Jibo ƙanen Hajiya yana nan yana jira."

"Alhaji, bayana ƙarfe ne. Da shi ake gwada na gadar kogi."

"Sannan akwai leda a kan kujerun. Kada ta yage. Yaron ne zai yage ta da hannunsa. Kada kuma wani bakanike ya taɓa mini kujera."

Na ce an gama. Bakina ya daɗe yana sa ni cikin wahala, amma bai taɓa kai ni nesa kamar wannan karo ba.

Shiga motar nan ba shiga ba ce, binnewa ce. Ka fara tura ƙafar dama, ka naɗe wuya, ka saki jiki ka faɗa, sauran kuma ka bar wa Allah. Kujerar tana da wasu fukafukai a gefe da gefe masu rungumar haƙarƙari, an yi su don mai ƙugu irin na zanzaro. Ni da na zauna, rabina ya shiga, rabina ya hau bisa fukafukan yana jiran labari. Wanda ya mallake ta a Turai kuma, ina jin tsayinsa bai wuce tulu ba, don ya jawo kujerar gaba ƙwarai. Gwiwoyina suka tokare sitiyari, tumbina ya danna oda. Farkon abin da na yi a motar nan shi ne firgita mutanen filin.

Na laluba na sami wani ɗan maɓalli mai hoton kujera kusa da giya. Na danna, shiru.

"Fuzibil ne ya ƙone," in ji dillalin, wato fis ɗin wuta. Nan da nan ya zaro wani daga aljihu, kamar dama jira yake, ya sayar mini, ya tsugunna ya saka. Na sake dannawa, wata 'yar wuta ja ta kama, kujera ba ta motsa ba.

"Ka ga ta kama. Ka bar ta a kunne. In inji ya yi zafi a hanya, kujerar za ta ja baya da kanta, sannu-sannu. Haka motocin tsere suke."

Ni da na ƙare rayuwata a taksin da ake tada ta da turi, me na sani game da motar tsere? Na yi masa godiya har da addu'a.

Daga Kwatano zuwa Bohikon na gane cewa duk tsakuwar da ke ƙasar Benin tana da saƙo zuwa ga ƙashin bayana. Motar ba ta ɓoye komai. In na taka ganye, sai na san ko na mangwaro ne ko na darbejiya. Ga kasis, tudun nan da ake ginawa a kan kwalta don rage gudu. Kowane ƙauye yana da nasa, wani kamar kabarin basamude. Dole in tsaya, in karkace, in hau da taya ɗaya, cikin motar yana gurzar siminti, nawa cikin yana gurzar sitiyari. Manyan motoci a bayana suna ta oda, 'yan acaɓa suna wuce ni suna leƙowa. Wani tsoho a kan keke ya wuce ni a ƙauye ɗaya, na wuce shi a fili, ya sake wuce ni a ƙauye na gaba. A karo na uku ya ɗaga mini hannu kamar mun zama dangi.

Ledar kuma ta fara nata aikin. Gumi ya taru tsakanina da ita, ina zamewa gaba, ina turo kaina baya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zafi. Kilim, na'urar sanyin motar, yana hura mini sanyi a fuska, amma ƙasana kamar na zauna a kan tandar waina. Na ce lallai maganar dillali ce, inji ya fara zafi, yanzu kujera za ta ja baya. Na yi ta jira.

A Bohikon wani abu ya soke ni a ƙugu, ya gangara ta cinyar hagu har babban yatsa. Na tsaya bakin tasha. Fitowata sai da ta tara jama'a, don da hannu na fara fitowa, sannan kai, sannan gwiwa, na yi rarrafe a ƙasa na kama ƙofa na miƙe rabi. Wani mai tallar magani ya ratso taron ya nuna mini kwalba mai hoton zaki, ya dafa ƙugunsa, ya yi tsalle. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, amma ciwo ya yi mana tafinta. Na saya, na shiga bayan wani shago na shafa.

Ina jin barkono ne da kananzir. In akwai wani abu na uku a ciki, to mugunta ce. Na koma mota ga wuta a sama ga wuta a ƙasa, ina tuƙi ina karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Alhaji ya kira ni ina cikin wannan hali.

"Bagobiri, mate gaham? Yaya jiki?"

"Lafiya lau, Alhaji. Kamar ina kwance a katifa."

"Baya fa?"

"Wane baya? Na manta ina da shi."

Ina kashewa na kira Rabi, don mutum yana son ko da mutum ɗaya ya san gaskiyarsa.

"Rabi, bayana ya karye. Ƙafata ta hagu ta mutu, gindina ya dahu."

Ta fashe da dariya. "Baban Sa'ade ke nan. Bara da ƙaya ta soke ka cewa ka yi mashi ne. Ka taho mana da garin rogo da abarba."

"A ina zan sa su? Motar ko aljihu ba ta da shi."

"To ka ɗora a tumbin."

Na ajiye waya. Duk rayuwata in na ga ɓera sai in ce giwa, mutane su yi dariya, in ji daɗi. Yau ga giwar ta zauna a bayana, ba mai ko tambaya.

A Sabe na tsaya cin abinci, garin Yarbawa ne. Na tsaya gaban wata rumfa, na buɗe ƙofa, na yi yunƙuri, jiki ya ce bai san zancen ba. Na sake, hawaye suka zubo. Mai rumfar, wata dattijuwa mai faɗin kafaɗa da ɗaurin kallabi kamar rufin ɗaki, ta tako ta leƙo. Ta kalli zanen fuskata, sai ta riƙe haɓa.

"A'a, Bagobiri ne. Bawana, wa ya saka ka a cikin gwangwanin sardin?"

Na manta cewa Yarbawa ma abokan wasanmu ne. Tun da na bar gida ba wanda ya zage ni da ƙauna sai ita. Na ji kamar na ga yayata.

"Iya, ubangidanki ya zo, ba ki shimfiɗa tabarma ba?"

"Ubangida a bakin wa? Kawo hannu in fitar da kayana, kada ya lalace."

Ta kama ni ta fizgo kamar buhun doya, mutanen rumfa suna ta dariya. Ba wanda ya ga gurgu a wurin, wasa kawai suka gani. Ta kwantar da ni a benci, ta sa aka wanke mini maganin zakin nan da sabulu, ta gasa mini ƙugu da tsumma da ruwan zafi tana zagin Gobir tun daga sarki har mai unguwa. Ta ba ni sakwara da miya. Da zan tafi ta kwance wani tsohon zane, ta murɗe shi ta yi gammo irin na ɗaukar kaya, ta cusa mini shi tsakanin ƙugu da kujera.

"Kanmu yake ɗauke wa nauyi, zai ɗauke wa bayanka. Kada ka cire."

Na miƙa mata kuɗin abinci ta buge hannuna. "Yaushe aka fara karɓar kuɗi a hannun bawa? Tafi, kafin in sayar da kai."

Gammon nan bai warkar da ni ba, amma ya mai da kukan da nake yi ya koma nishi. Ban san sunanta ba har yau.

A Faraku na kwana a barandar wani masallaci, a kan siminti, don katifa ma tsoronta nake ji. Sallah kuwa tun daga nan a zaune na koma yin ta. Wani bawan Allah ya gan ni ya ɗauka tsoho ne ƙwarai, ya sa mini sadaka a gaba. Na kira shi in mayar masa, ya waiwayo ya ga na jingina da jar mota ina neman makulli. Kallon da ya yi mini, har yanzu in na tuna sai na nemi gafara.

Tsakanin Faraku da Kandi akwai wuraren da ramukan hanya suke da unguwanni. Mai babbar mota yana ratsa su yana sauraron waƙa, ni kuwa sai na tsaya na yi nazarin kowane rami kamar mai zaɓen surukai. Kujera ba ta ja baya ba ko da faɗin farce. Zafin ƙasana bai ragu ba. Na fara magana da motar. Na roƙe ta, na zage ta da Hausa, na zage ta da ɗan Zabarmancin da na iya, har Faransancin da na tsinta a bakin fasinja na ƙarar mata. Na yi kewar taksina, da kujerarta da ta lotsa daidai siffata, da matashin da Rabi ta ɗinka mini, da ƙofar da ake ɗaurewa da igiya. Na yi kewar fura. Na yi kewar tsayuwa, abin da ban taɓa sanin ni'ima ba ce.

A Malanbil, bakin iyaka, dole mutum ya fito ya kai takardu. Na yi rarrafena na saba, na tafi a sunkuye kamar mai neman allura. Ma'aikacin da ya karɓi takardun ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, ba sai ka rusuna haka ba. Miƙe."

"Ranka ya daɗe, tarbiyya ce. Haka aka rene mu."

Ya buga hatimi da sauri, ya ce da kowa irina ne da aiki ya yi daɗi.

Da na haye gada na shiga Gaya, na ji Hausa ta ko'ina, na sayi ƙosai ta taga na ci ina kallon kogi. A nan tsoro ya kama ni sosai. Can baya ciwo kawai nake ji, yanzu kuwa kowace tafiya kusantar da ni take yi da ƙofar Alhaji. Na wuce Doso, na wuce Birnin Gaure, ina gwada yadda zan fito: ƙafa, hannu, murmushi. A wani fili da ba kowa na tsaya na gwada da gaske. Wasu awaki ne kaɗai suka ga abin da ya faru, su ma sun bar wurin.

Hanyar Doso in ta shigo Yamai ta gefen Talaje take bi. Na kira Rabi na ce ta fito bakin titi, don motar ba za ta iya lungunmu ba. Ta zo da kwanon fura tana murmushi, da shirin yi mini tsiya. Ta sunkuya ta leƙo ta taga, murmushin ya tafi.

"Baban Sa'ade, da gaske kake?"

"Yau ɗaya dai."

Ta ba ni furar a baki, ta goge mini fuska da bakin mayafi. "Ka bar shi. Ka kira Alhaji ya aiko a ɗauki motarsa, mu tafi asibiti. Tibiri ba wuta ba ce."

"Sa'ade fa? A cire ta ana saura kaɗan?"

Sai ta gyara mini hula, ta ce, "To ka daina ɗaure fuska. In ka shiga ba ka yi surutu ba, nan take zai gane."

Na ratsa Wadata bayan la'asar, cikin masu kura da 'yan kabu-kabu, kowa yana son ya taɓa motar. Tsofaffin abokan aikina 'yan taksi suna ta kira, "Nomau, ka yi arziki ba ka faɗa ba?" Ina ɗaga musu hannu kamar ɗan takara, ina cizon leɓe. Da na bar kwalta na shiga rairayin Banifandu, motar ta dinga share ƙasa da cikinta, har na ce ko ba komai na gyara wa unguwa hanya.

Ƙofar gidan Alhaji cike take. An shimfiɗa tabarmi, dattawan unguwa suna zaune ana zuba shayi, Abdul'aziz da abokansa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Ga Jibo can jingine da bango ya harɗe hannu, siriri, miƙaƙƙe kamar turken lantarki. Alhaji yana tsaye a tsakiya cikin babbar riga fara.

Na tsaya, na kashe inji. Na ce wa ƙafar hagu bisimilla, ba ta amsa ba. Na ce wa ƙugu taimaka, ya aiko mini da wata wuƙa har ƙeya.

"To, Bagobiri, fito mu gani," in ji Alhaji.

Na ga Jibo ya sauke hannu ya gyara tsayuwa. A raina na hango motar kaya a ƙofar gidanmu, da katifu a sama, da Sa'ade rungume da littattafanta. Sai gammon nan ya tokare ni a baya, na tuna Iya ta Sabe da yadda ta fitar da ni ba wanda ya ga komai. Na sauke gilashi, na gyara murya.

"Alhaji, ina tarbiyya? Ubangidanka ya taso tun daga bakin teku, ka tsaya kana kallonsa? Zo ka buɗe ƙofa ka ɗaga ni, kamar yadda kakanka yake yi wa kakana in ya sauko daga doki."

Dattawa suka kwashe da dariya. Wani mai farin gemu ya ce, "Gaskiyarsa, Alhaji. Taubashi ya nemi haƙƙinsa, ba a hanawa."

Na ga fuskar Alhaji ta canza, ban gane dalili ba a lokacin. Ya dubi jama'a, ya dubi wayoyin da ke kansa. Bazabarme ba ya ƙin wasan Bagobiri a gaban mutane, sai a ce ba ɗan asali ba ne. Ya tako a hankali ya buɗe ƙofa.

"Bari in fitar da bawan nan kada ya sa wa motar wari."

Ya sunkuya, na rataya hannu a wuyansa, ya ja. Na fito har rabi, ƙafafuna suka taɓa ƙasa. Sai na ji wani ƙas. Na jira zafin ya iso, bai iso ba. Ashe ba nawa ba ne.

Alhaji ya ƙanƙame ni. Hannuna da ke bayansa ya ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin riga, faffaɗan bel ɗin nan da likita ke ɗaura wa masu ciwon baya. Muka tsaya a sunkuye, goshi da goshi, kamar raguna za su yi karo. Jama'a suna tafi, sun ɗauka kokawar taubasai ce.

"Kada ka sake ni," ya ce a kunnena.

"Ko na so ba zan iya ba."

"Tun yaushe naka?"

"Tun Bohikon. Naka fa?"

"Tun kafin yaron nan ya tafi karatu. Yi dariya, suna kallo."

Muka yi dariya, irin wadda hawaye ke biyo ta. Muka juya a hankali, rungume da juna, muna jan ƙafa zuwa zaure. Yana ɗaga murya yana cewa zai kai ni ya ɗaure a turke, ina cewa na kama bawana da ya gudu. Muna shiga ya tura ƙofa da ƙafa, muka zube a kan darduma, kowa yana kallon silin.

Can Alhaji ya ce, "Ba ka fito a miƙe ba."

Na ce, "Kai ma ba ka shiga gidanka a miƙe ba, Alhaji."

"Ni ba aiki nake nema ba."

Na ce, "To shi wancan direban da ka sallama, me ya yi maka?"

"Kullum yana kukan bayansa a gabana. Shi yana da damar faɗa, ni ba ni da ita. In 'yan kasuwa suka ji Sumana ya fara lanƙwashewa, gobe yara za su ce in zauna gida su karɓi shaguna. Hajiya ma ce mata nake bel ɗin na rage tumbi ne." Ya juyo da kai da ƙyar. "In ka faɗa wa wani abin da ka taɓa a bayana..."

"Alhaji, wa zai yarda da ni? Na gaya wa matata bayana ya karye, ta ce in taho da abarba."

Ya fara dariya, ciwo ya katse shi, ya yi salati.

Sai ga muryar Abdul'aziz daga bakin ƙofa. "Baba Nomau, sannu da hanya. Amma wa ya kunna abin ɗumama kujera? Na ƙasar sanyi ne, don lokacin ƙanƙara. Kuma me ya sa ba ka ja ta baya ba? Ga mariƙin nan a ƙasa, leda ce ta rufe shi."

Na rufe ido. Na tuna dillalin Kwatano, da addu'ar da na yi masa, na fara neman hanyar janye ta.

"Tun daga Kwatano?" in ji Alhaji a hankali. "A dafe?"

"A dafe, a naɗe, a cikin leda. Saura yaji kawai, shi ma na samu a Bohikon."

Ya ce wa yaron ya je ya yi wasa da motarsa, muna shawara. Da takun ya yi nisa ya ce, "Gobe da safe ka zo. Akwai likitan ƙashi da nake zuwa a ɓoye da taksi, na gaji. Kai za ka riƙa kai ni, ya duba mu duka. In an tambaya, kasuwa muka je."

"Jibo fa?"

"Jibo kafin mu dawo Hajiya ta ji."

"A wace mota za mu?"

"In ka ƙara ambatar jar nan a gabana na kore ka. Mene ne wannan a hannunka?"

Ashe gammon na riƙe tun fitowata. Na tura masa, ya cusa a ƙarƙashin ƙugu, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya.

"Na wa ne?"

"Na wata baiwata ce a Sabe. Aro na ba ka."

Bai mayar ba har yau. Yana nan a kujerar baya ta babbar motarsa, ni kuma Rabi ta murɗa mini wani. Sa'ade ta yi jarrabawarta a Yamai. Da na ce wa Alhaji zan rubuta wannan labari, na ɗauka zai hana. Ko ɗaga kai bai yi ba daga lissafin shinkafarsa.

"Rubuta, Bagobiri. Ka sa sunanka a sama da manyan baƙaƙe, shi ke nan asirina ya rufu."